Tsohuwar Hanyar Sambalwa

Kogin da ya ratsa bayan rugar su Dela, a ƙasar Roni, ba shi da suna guda. Mutanen sama, wajen Gwiwa, Rafin Giginya suke ce masa. A Roni kuwa Kogin Dutse ne, saboda yadda yake kurɗawa tsakanin duwatsu yana neman ɓangaren Kazaure. Idan ya fita daga duwatsun ya shimfiɗe a fili, sai ka ji ana kiransa Farin Yashi. Kowa da sunan da ya tarar a bakin iyayensa, babu wanda ya damu da na wani.

Inno ce kaɗai, uwar mijin Dela, take kiransa Sambalwa. Tsohuwa ce da ta sha yawon kiwo tun tana yarinya. In an tambaye ta ma'anar sunan sai ta ce ita ma haka ta ji a bakin kakarta, kakar ma ba ta sani ba. Ba Fillanci ba ne, ba Hausa ba ne. Na mutanen da suka riga kowa zama a ƙasar ne.

A daminar shekarar da aka sami 'yancin kai, Dela tana da 'ya ɗaya tak, Zainabu Abu, wadda ba ta daɗe da shiga shekara ta huɗu ba. Da yake 'yar fari ce, Dela ba ta kama sunanta, ba ta yi mata wasa a gaban mutane. Ɓingel take ce mata, wato yarinya da Fillanci, duk rugar ma suka bi ta a haka.

Wata rana da hantsi Dela ta kwashi ƙorai ta sauka kogi wanki. Sama tas take, babu ko ɗigon hadari, ruwan kuma bai wuce idon sawu ba. Yarinyar ta cika ƙiriniya, don haka Dela ta ɗauke ta ta zaunar a cikin babban masaki a kan jiƙaƙƙen yashi, ta ba ta ludayi ta yi wasa. Da ta gama wanke ƙananan ƙorai, sai ta haura gaɓa ta kife su a kan ciyawa.

Tana sunkuye ta ji wani rugugi daga sama, kamar garke ya firgita ya taho a guje. Ta ɗago. Ruwa ne ja wur, ya kai ƙirjin mutum, ya ciko kogin daga gaɓa zuwa gaɓa, yana turo itatuwa a gabansa. Ashe can wajen Gwiwa aka tafka ruwa da asuba, su ba su sani ba.

Kafin ta taka ƙafa ruwan ya iso. Masakin ya ɗaga, ya juya, ya shiga tsakiya. Abu tana ciki riƙe da ludayinta tana ƙyalƙyala dariya, ta ɗauka wasa ake yi mata.

Dela ta bi gaɓa da gudu. Ranar ce ta fara kiran sunan 'yarta da ƙarfi, tana kira tana faɗuwa, ƙaya tana yagar zanenta. Ta bi har inda duwatsu suka tare mata hanya. Ta hango masakin sau ɗaya a wata kwana, ya zama ɗan fari-fari a kan jan ruwa, daga nan ba ta ƙara ganinsa ba.

Mijinta Sama'ilu ya tara maza za su bi kogin. Suna ɗaura takalma Inno ta fito tana dogara sanda.

"Ku rabu biyu," in ji ta. "Wasu su bi Sambalwa."

"Inno, ai shi za mu bi," in ji Sama'ilu.

"Ba wannan ba. Tsohuwar hanyarsa nake nufi. Bayan duwatsu akwai inda yashi ya yi tudu ta hannun hagu. Da can kogin nan ba ya karkata inda yake karkata yanzu. Ta nan yake miƙewa ya nufi Babura. In ruwa ya yi masa yawa yana komawa."

Wani daga cikin mazan ya ce ya san wurin, gonaki ne zalla, ko kakansa bai taɓa ganin ruwa a can ba. Hankalin kowa a tashe yake, rana tana yi. Suka ce wa tsohuwa to, suka wuce, suka bi ruwa inda ido yake ganinsa.

Bayan 'yan kwanaki suka dawo. Sama'ilu ya tsaya a ƙofar bukka, bai shiga ba.

"Mun same ta, Dela. Can ƙasa da Kazaure, saiwar wani marke ta riƙe ta. Mun yi mata sutura a wurin. Sai haƙuri."

Dela ba ta tambaye shi komai ba. Kunyar 'yar fari ta hana, ga shi kuma ba ta son ta ji. A bakin mata ta tsinci cewa ruwa ya ɓata fuskar, da tsawon jiki aka gane. Shi ma Sama'ilu bai ƙara tayar da zancen ba. Haka suka zauna shekara da shekaru, ta haifi maza biyu, Inno ta rasu, sunan Sambalwa ya bi ta.

Sai fari ya zo. Damina ta yi ƙarya, ta sake yin ƙarya. Shanun da Sama'ilu ya gada suka riƙa kwanciya ɗaya bayan ɗaya, wadda ta kwanta ba ta tashi. A daidai lokacin ne kuma kuɗin man fetur ya shigo ƙasa, manyan motocin haƙa suna ta keta daji, ana hanyoyi ana madatsun ruwa. Mutumin da bai taɓa riƙe komai ba sai sandar kiwo ya ɗauki shebur. Sama'ilu ya sami aikin lebura a wata sabuwar hanya kusa da Babura. Ya bar yaran da ragowar shanu a wurin ƙaninsa, ya tafi da Dela. Ita kuma ta riƙa dama kunun tsamiya tana sayar wa leburori.

Ruwa shi ne wahalar wurin. Matan ƙauyen da suka sauka kusa da shi suna zuwa wani kwari mai faɗi, wanda ya miƙe tsakanin busassun gonaki har iyakar gani. A nan suke haƙa ramuka cikin yashi, mace ta shiga ta zauna tana jiran ruwa ya tsatso, tana kwalfa da ƙoƙo.

Wata safiya Dela tana zaune a bakin wani rami tana jiran a zo kanta, sai wata mata ta ɗaga murya daga can gefe.

"Sambalwa! Ke Sambalwa, fito ki karɓi ɗanki, ya ishe ni da kuka!"

Ƙoƙon da ke hannun Dela ya suɓuce. Tun rasuwar Inno ba ta ƙara jin kalmar nan a bakin ɗan Adam ba. Ta waiwaya ta ga wata matashiya tana fitowa daga rami, doguwa, fara, zanenta jiƙe da laka. Ta karɓi jaririn tana dariya, sai ga wushirya a haƙoranta na sama, irin ta Sama'ilu sak. Da ta juya za ta zauna, Dela ta ga yadda take ɗan karkata kafaɗar dama in tana tafiya. Tafiyar Inno ce.

Dela ta tashi. Ta je ta tsuguna a gaban matashiyar.

"Sannu, Gwaggo," in ji matashiyar.

"Yauwa, 'yar nan. Wane suna na ji an kira ki da shi?"

"Au, wannan? Sunana Amna. Mutanen gari ne suka laƙa mini Sambalwa, ya bi ni. Sunan kwarin nan ne da muke ciki."

"Kwarin nan?"

"Shi fa. Wai da can kogi ne. Ni ma an ce ruwansa ne ya kawo ni ina ƙarama, a cikin masaki. Tun daga shekarar bai sake kawo ruwa ba." Ta yi dariya, ta gyara wa jaririn kwanciya. Sai ta lura da fuskar Dela. "Gwaggo, lafiya? Ko jiri ne? Ku kawo mata ruwa!"

Dela ta ɗaga kai. Ta dubi kwarin, ta bi shi da ido zuwa yamma, inda duwatsun Kazaure suke can nesa kamar hayaƙi. Makonni tana taka yashin nan tana shan ruwansa.

Da ƙyar ta ce, "Kai ni wurin wadda ta raine ki."

Gidan na wasu Barebari ne da suka daɗe da zama a ƙauyen suna noma. Maigidan, Baba Kura, ya rasu. Matarsa Aisa, dattijuwa gajera mai zane a kumatu, tana tsakar gida tana tsince wake. Ta ɗaga kai ta dubi baƙuwar, ta dubi Amna a bayanta, ta sake duban baƙuwar. Faifan ya zame daga cinyarta, wake ya watse.

Ba a yi doguwar gaisuwa ba. Dela ta zauna a ƙasa ta ce, "Yaya, masakin nan da ya kawo yarinyar nan, yana da tsaga a baki. An ɗinke da baƙin zare."

"Ya fashe tuntuni," in ji Aisa.

"Akwai ludayi a hannunta."

Aisa ta rufe fuska da mayafi. Daga ciki take magana. Ta ce ruwan da la'asar ya shigo musu, babu hadari babu iska, ya kwantar da dawa ya cinye gonaki, mutane suna ta salati don babu wanda ya san daga ina ya fito. Da ya fara janyewa Baba Kura ya shiga duba gonarsa, ya tarar da masaki ya maƙale a cikin karan dawa, yarinya a ciki tana barci. Sun yi cigiya a kasuwar Babura har sun gaji. Kowa ya ɗauka ta arewa ruwan ya gangaro, aka ce ƙila 'yar masu wucewa da shanu ce daga Nijar. Ita kuwa Aisa Allah bai ba ta haihuwa ba.

"In an tambaye ta sunanta, kalma ɗaya take faɗi," in ji Aisa. "Muka kai ta wurin Fulani, suka ce wannan ba suna ba ne."

"Ɓingel," in ji Dela.

Aisa ta fashe da kuka. Amna, wadda take tsaye tana jin komai, ta ja da baya har ta jingina da bango. Dela ta miƙa mata hannu. Sai Amna ta zagaye, ta je ta durƙusa a bayan Aisa, ta kama gefen zanenta kamar ƙaramar yarinya.

"Iya, ni ban san ta ba," in ji ta. "Iya, ki ce mata ban san ta ba."

Dela ta janye hannunta ta ɗora a cinya.

Aka aika wurin aikin hanya aka kira Sama'ilu. Ya zo da ƙurar jar ƙasa har gira, yana zaton matarsa ce ta faɗi. Aka ce ya shigo. Ya tsaya ya dubi matashiyar da ke bayan Aisa, ya daɗe yana dubanta. Ba wanda ya yi masa bayani, bai kuma nema ba. Ya nemi wuri ya zauna daɓas a kan waken da ya zube, ya cire hula.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji shi. "To ni wa na binne?"



Da suka koma masaukinsu da yamma, Dela ta yi tambayar da ba ta taɓa yi ba.

"Malam, wadda kuka samu. Me ka gani a jikinta?"

"Babu tufa. Ruwa ya kwashe. Sai munduwar nan ta tagulla a ƙafar hagu, mai 'yar ƙararrawa."

"Wace munduwa?"

"Wadda kika sa mata."

"Ban taɓa sa mata munduwa ba."

Sama'ilu ya kama kansa da hannu biyu. Shi mutum ne da yake fita da shanu tun asuba, bai taɓa ɗaukar 'yar farinsa a gaban mutane ba, balle ya san abin da ke ƙafarta. Ya ga munduwa, ya ɗauka aikin mata ne. Da ya faɗa a ranar da ya dawo, da an tashi an bi maganar Inno.

Labari ya bazu. Mutane suka riƙa zuwa kallon Dela kamar an kawo abin mamaki kasuwa. Amna kuwa, wadda gidan mijinta yake jikin na Aisa, in ta hango Dela sai ta gaishe ta da ladabi, Gwaggo ina kwana, ta wuce da sauri. Dela ba ta matsa mata ba. Abin da ya hana ta sukuni daban ne.

"Yarinyar nan ta gindin marke tana da uwa," ta ce wa mijinta. "Ni na yi makokinta, uwarta ba ta san inda take ba."

Sama'ilu ya nemi izini a wurin aiki, suka kama hanya. Suka bi kwarin zuwa yamma a ƙasa, har suka kai tudun yashin da Inno ta faɗa. Ga shi nan ta hannun hagu, tsakaninsa da kogin bai fi jifa ba. Dela ta tsaya ta dube shi, suka wuce. Suka bi Farin Yashi suna tambaya, suka bi Kogin Dutse, ƙauye bayan ƙauye. Kowa ya tuna ambaliyar, wani ya ce ta ci masa jaki, wani rumbu. Sai da suka haura inda ake ce masa Rafin Giginya, kusa da Gwiwa, wani mai faci a bakin kasuwa ya ce, "Ku je unguwar maƙera ku nemi Tasalla."

Ya ƙara da cewa su bi ta a hankali. Tun da ruwa ya ɗauki 'yarta Rahamatu ba a ga gawa ba, ita kuma ta ƙi yarda a yi sadaka. Mijinta ya yi lallashi har ya mutu. Duk ranar kasuwa tana fitowa ta tsaya tana duban fuskokin 'yan mata. Har kwanukan aure take tara mata.

Abin da Dela ba ta sani ba shi ne labari ya riga su isowa. Direbobi sun kawo cewa an ga yarinyar da ambaliya ta ɗauka, da ranta, a Babura. Suna yin sallama a gidan Tasalla wata mata siririya ta fito da gudu, ta riga ta yafa mayafin unguwa, fuskarta kamar an kunna fitila.

"Ku ne mutanen Babura? Alhamdu lillahi! Na faɗa musu, na faɗa musu tana nan! Ta yi aure? An ce har da ɗa. Ku shigo, ku shigo, ko mu wuce kawai?"

Sama'ilu ya sunkuyar da kai. Dela ta matso. Ta kama hannun matar, ta ja ta suka shiga, ta zaunar da ita a kan tabarma.

"Yaya Tasalla, 'yarki tana da munduwa a ƙafa?"

"Ta tagulla! Ubanta ne ya ƙera mata, guda biyu. Ta dama ƙararrawarta ta cire, aka karɓa za a gyara." Ta tashi ta shiga ɗaki da sauri, ta fito da ita a tafin hannu, 'yar ƙarama, ta sha goge har tana ƙyalli. "Ga ta nan. Ta hagun tana wurinta, ko?"

Sama'ilu ya dubi munduwar. Ya dubi Dela, ya gyaɗa kai.

Dela ta faɗa mata. Ba ta yi kwana-kwana ba, don ta ga in ta tsaya neman lafazi ba za ta iya ba. Ta ce wadda aka samu a Babura tata ce. Ta ce mijinta ya tsamo wata yarinya daga saiwar marke a ƙasa da Kazaure, da munduwa irin wannan a ƙafar hagu, ya binne ta da hannunsa yana zaton tasa ce.

Murmushin bai bar fuskar Tasalla nan take ba. Ya tsaya a wurin, idanunta kuma suna yawo daga Dela zuwa Sama'ilu. Can ta rufe tafin hannunta a hankali. Mata suka fara leƙowa ta katanga, ba ta ko dube su ba.

"Malam," in ji ta, "wa ya yi mata wanka?"

"Wata tsohuwa a ƙauyen da ke kusa."

"An yi mata salla?"

"An yi. Ni da mutanena da limamin wurin."

"Da wane suna?"

"Zainabu."

"Sunanta Rahamatu."

"Allah ya jiƙan Rahamatu," in ji Sama'ilu.

Tasalla ta ce amin. Ba ta cire mayafin ba. Ta ce tunda ta riga ta shirya, su kai ta.

Washegari suka hau motar kaya zuwa Kazaure, suka ƙarasa a ƙasa. Marken yana nan, fari ya kakkaɓe masa ganye. Sama'ilu ya nuna wasu duwatsu da ya jera da kansa, rabinsu yashi ya rufe. Tasalla ta durƙusa ta share yashin da hannu, ta gyara waɗanda suka goce, ta zauna. Sai a lokacin ta yi kuka, ba da ƙarfi ba. Dela ta zauna kusa da ita. Wannan ne karon farko da ita ma ta ga kabarin.

Da rana ta karkata Sama'ilu ya ce zai raka Tasalla tasha ta sami motar Gwiwa. Ta girgiza kai.

"Ku tafi da ni Babura," in ji ta. "'Yar taki sa'ar Rahamatu ce. Ina so in gan ta."

Dela ta ce to.

Da suka isa ƙauyen, Amna tana tsakar gidan Aisa tana daka, ɗanta goye a baya. Ta ga Dela da baƙuwa, ta ajiye taɓarya ta rusuna ta gaishe su. Tasalla ta zuba mata ido. Ta matso ta tsaya dab da ita, sai da ta ɗaga kai kafin ta ga fuskarta. Ta dube ta daga sama har ƙasa, ta leƙa jaririn, ta taɓa masa ƙafa.

"Ashe har haka suka girma," in ji ta.

Amna ta dubi Dela, tana neman a gaya mata ko wace ce wannan. Dela ta ce, "Shimfiɗa mata tabarma tukuna. Daga nesa take."